Kawu Mai Fenti Ya Koyi Shafa Hoda

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai fentin mota ne. Tun yana saurayi yake wannan sana'a a wani gareji da ke bayan tashar manyan motoci, inda ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ruwan sama ya daina shiga cikinta. Rumfarsa ce ta ƙarshe a layin, an kewaye ta da tsohon kwano da labulen leda don kada iska ta watsa datti a kan ɗanyen fenti. In ka shiga, warin tina da ake sirka fenti da ita ne zai fara yi maka maraba, sannan ka ga gwangwanaye jere a kan katako, kowanne da ɗigon launinsa a murfi.

Ba ya ɗokin a kawo masa mota a ce ya sake mata fenti gaba ɗaya. Yakan ce wannan ko wanda ya fara koyo bara zai iya. Aikin da yake so shi ne motar da aka goge wa ƙofa guda, ko aka lotsa mata gefe, a ce ya haɗa launin da zai saje da sauran jikin da rana ta daɗe tana ci. Sai ya sa a turo motar waje, ya goya hannu a baya, ya yi ta zagaya ta, ya duƙa, ya miƙe, ya koma gefe ya karkata kai. Masu mota kan ƙosa, shi kuwa ko a jikinsa. In ya gama, mai motar da kansa sai ya bi ƙofofin yana shafawa, yana neman wadda aka taɓa.

Gajere ne kakkaura, marar yawan magana. Mahaifiyata takan ce in Yaya ya buɗe baki ya tambaye ka ya gida, to ranar ya sha hira. Hannuwansa kamar ɓawon itace, tina ta tsattsaga su, faratan nan kuwa ba su taɓa rabuwa da launi ba. Muna yara da faratansa muke gane kalar motar da ya yi a ranar.

Matarsa kowa Malama yake ce mata, har shi. 'Yan aji ɗaya take koyarwa a makarantar firamare da ke gaba da garejin, kuma tun tana budurwa ta gaban rumfarsa hanyarta take bi. Wata safiya Kawu yana feshi, iska ta ɗaga labulen, ta kwashi fentin ta yayyafa mata a farin gyale. Ba ta tsaya ba, don ta makara. Da aka tashi daga makaranta ta dawo bakin rumfar, ta baje gyalen a gabansa, shuɗi ɗigo-ɗigo ko'ina.

"Mai fenti, wa ya ce maka mai ɗigo-ɗigo nake so?" in ji ta.

Kawu ya dubi gyalen. Ya karɓa ya ce zai wanke. Ya wanke da tina, gyalen ya huje. Ya sayo wani ya kai mata, ta ce ba irin wannan farin ba ne. Ya sake sayo wani. Mahaifiyata ta ce sai da ya tara mata gyale kamar za ta buɗe shago kafin ya gane ba gyalen ne ke kai shi gidansu ba. Sunan nan na Mai fenti kuwa bai sake fita daga bakin Malama ba.

Sun haifi 'ya'ya biyu, mace da namiji, duk sun girma, aiki ya kai su nesa. Ni ce ta kusa da su. Shagon ɗinkina yana unguwar da ke gefen tasu, don haka nakan leƙa su a ƙarshen mako.

Malama mace ce tsaf-tsaf, amma kwalliyarta ba ta hayaniya. Ba ka ganin jan baki rangaɗau, ba ka ganin gira an ja ta kamar da biro. Fuskarta dai kullum fes, kamar ta wadda ta yi barci ta ƙoshi. Mata kan ce Malama ta yi sa'ar fata, ko hoda ba ta buƙata. Sai ta yi murmushi ta ce ta gode.

Ana saura kaɗan ta ajiye aiki, wata safiya tana zuba wa Kawu shayi, butar ta suɓuce daga hannunta. Ta duƙa za ta ɗauka, ta kasa miƙewa. A asibiti aka ce hawan jini ne ya taɓa mata ɓarin jiki. Ta daɗe a kwance. Da aka sallamo ta, hannun dama yana reto, ko cokali ba ya riƙewa, ƙafar tana ja, bakin ya ɗan karkace gefe guda. Maganar ta dawo a hankali, kalma-kalma, kamar 'yan ajinta in suna koyon karatu. Ƙafar ma da aka yi ta kai ta wajen masu gashin ƙashi a asibiti, ta fara takawa da sanda.

Abin da bai dawo ba shi ne son ganin mutane. Malaman makarantarsu suka yi ta zuwa dubiya, ta ce a ce musu tana barci. Maƙwabta su yi sallama, ta juya fuska bango. Ta sa aka sauke labulen ɗaki, rana ba ta shiga. 'Yarta ta zo ta yi kwanaki ta koma bakin aikinta tana kuka, don ko ita da ƙyar uwar take yarda su haɗa ido. Kawu ya rage zuwa gareji, ya koyi dafa abinci, ya koyi ɗaura ɗankwali, duk da ɗaurin nasa ba ya kai azahar. Bai taɓa yi mata ƙorafi ba, amma ya rame.

Wata rana ina shago ina kan keke, sai ga Kawu a bakin ƙofa. Bai taɓa zuwa shagona ba. Na miƙe na ba shi kujera, ya ƙi zama. Ya ciro tsumma daga aljihu, ya warware shi a kan teburin yanka. Wuyan wata 'yar kwalba ce da ta fashe, da murfinta, da wani abu ruwan ƙasa ya bushe a jiki.

"Tela, duba min wannan. Wane magani ne?"

Na ɗauka na shinshina. "A ina ka samu, Kawu?"

"Na dawo daga kasuwa na tarar ya fashe a gaban madubi. Ita kuma tana zaune, kuncinta guda duk ya ɓaci da shi, tana hawaye. Na tambaye ta, ta ƙi magana. Ba ya cikin magungunan da likita ya rubuta."

Na ce, "Kawu, ba magani ba ne. Hodar ruwa ce, wadda masu kwalliya ke kira faundeshan. Ita take shafawa a fuska. Da alama da hannun hagu ta gwada, ya kuɓuce mata."

"Malama ba ta shafa komai a fuska."

"Tana shafawa. Tun kafin a haife ni."

Ya tsura min ido. A hankali ya jawo kujerar da ya ƙi ɗazu, ya zauna. Mutumin da ke gane fari kala-kala a jikin mota daga tsallaken titi, ya yi shekaru aru-aru yana kallon fuska ɗaya safe da yamma bai taɓa lura ba.

"Ni na ɗauka haka Allah ya yi ta," in ji shi.

"Haka ya yi ta, Kawu. Ɗan kaɗan take ƙarawa."

Ya riƙa juya murfin a tafin hannu. Ya ce tun da ta dawo daga asibiti ya ga fuskar ta dusashe, wasu wurare a kumatu sun yi duhu-duhu, ƙasan ido ya zurma, amma ya ɗauka duk cikin ciwon ne, kuma shi bai ga abin ɓuya a ciki ba. Na ce zan riƙa zuwa ina shafa mata. Ya girgiza kai.

"Ke da shago. Safiya kuwa kullum sai ta waye. Ni ne a gidan."

Na ce to ya bari ranar Asabar mu je tare mu zaɓa. Ya ce to. Amma bai jira ba. Yana fita daga shagona ya wuce kasuwa da guntuwar kwalbarsa, yana ganin in dai maganar launi ce, ba sai an raka shi ba. Ya gaya wa wani mai tebur cewa yana son wadda za ta rufe tabo. Mai tebur ya miƙo masa mai kauri, irin wadda ake shafa wa masu shiga hoto. Kawu ya gwada a bayan hannunsa, a cikin inuwar rumfa, ya ga ta yi kama da ta jikin kwalbar, ya karɓa.

Ranar Asabar da na je, na tarar ana cikin aikin. Yadda aka yi Malama ta yarda ta zauna masa, har yau ban sani ba. Tana kan kujera a tsakar ɗaki, ya yafa mata tawul a kafaɗa kamar mai aski, ya cije leɓe. Ya bi fuskar kamar yadda yake bin ƙofar mota: inda ya ga duhu ya cike, ya jira ya sha iska, ya sake bi, sannan ya lulluɓe duka tun daga goshi har haɓa. Da ya gama ya ja da baya ya karkata kai. Fuskar ta yi sumul, ba tabo ko ɗaya, amma ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, ta tsaya cak a muƙamuƙi, wuyan kuwa da kalarsa daban. Har tawadar Allah da ke gefen hancinta ta ɓace.

Ya miƙa mata ƙaramin madubi. Ta daɗe tana kallo. Na ce a raina yanzu za ta fashe da kuka. Sai ta ɗago, ta ce a hankali, tana jan kalmomin:

"Mai fenti, ni ba bambar mota ba ce."

Kafaɗunta suka fara rawa. Dariya take yi, irin wadda ba mu ji ba tun kafin ciwon, bakin ya ƙara karkacewa, ba ta ma rufe shi da hannu ba. Ni ma na saki tawa. Kawu ya tsaya riƙe da kwalba, bai san ko ya yi fushi ko ya yi murna ba.

"Ai ya rufe komai," in ji shi.

"Shi ne matsalar. Wannan matar ban san ta ba." Ta ajiye madubin a cinya, ta huta, sannan ta ci gaba. "Ba sabuwar fuska nake so ba. Tawa nake so, amma a ce ta ɗan huta."

Ya ɗebo ruwan ɗumi ya goge mata. Da zan tafi ya raka ni har bakin titi, ya ce, "Tela, gobe ki kai ni inda suka san abin."

Na kai shi wani babban kantin kayan shafa, mai fitilu da madubai ta ko'ina. Kawu ya sa rigarsa mai kyau, amma yana shiga ya ɓoye hannuwansa a baya. Wata budurwa mai fara'a da ke kula da ɓangaren hoda ta taho wajena, ta ɗauka ni ce mai saye. Na nuna mata Kawu. Ba ta yi dariya ba, ko da ido. Ta gaishe shi, ta jawo masa kujera.

"Baba, wa za a saya wa?"

"Iyalina. Hannunta ba ya aiki. Ni zan riƙa shafa mata."

"Da an zo da Mama, da ya fi sauƙi."

"Ba ta fita."

Yarinyar ta gyaɗa kai, ba ta ƙara tambaya a kan wannan ba. Ta tambaye shi fatar mai maiƙo ce ko busasshiya. Ya ce tun ciwon ta bushe. Ta tambaye shi ya kalar take. Nan Kawu ya saki jiki. Ya ce ruwan ƙasa ce mai ɗan haske, amma akwai ja a ƙarƙashi, ba rawaya ba, kuma goshin ya fi kumatu duhu kaɗan. Yarinyar ta ce ya kwatanta da kyau. Ya ba ta labarin wadda ya sayo, da abin da Malama ta ce. Ta murmusa.

"Mama ta fi mu gaskiya. Waccan mai kauri ce, aikinta rufewa. Abin da take so shi ne mai shara-shara, wadda ake hango fata ta cikinta." Ta ɗiga kaɗan a bayan hannuna, ta murza. "Ka gani, Baba? Jijiyar hannun tana nan, gashin yana nan, kalar ce kawai ta daidaita."

Kawu ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa hannuna. "To tabon fa?"

"Za a ɗan gan shi, amma ya yi sanyi. In ka bi shi sai ka kashe shi gaba ɗaya, fuskar za ka kashe."

Ta ce kuskurensa na biyu shi ne gwadawa a hannunsa. Ba a zaɓa wa fuska launi a hannu, balle hannun wani. A muƙamuƙi ake gwadawa, inda fuska ta haɗu da wuya, kuma a hasken rana, ba na fitila ba. Ta ce in ya shafa ya ɗan jira, don launin yakan ƙara duhu in ya sha iska.

"Fenti ma haka yake yi," in ji Kawu, fuskarsa ta washe kamar ya gamu da ɗan'uwa a baƙon gari.

Ta zuba masa kaloli uku masu kusa da juna a 'yan ƙananan robobi, ta ce ya je ya ja kowacce layi ɗaya a muƙamuƙin Mama, wadda ta ɓace ita ce tata. Sannan ta zaunar da ni, ta koya masa a fuskata. A fara shafa mai a bari ya shiga. A ɗiga hodar kaɗan, kamar ƙwayar wake. A fara daga tsakiya, gefen hanci da kumatu, a bi da ita waje har ta ƙare da kanta. Kada a ja, a riƙa dannawa a hankali da kan yatsa. Ta yi kunci ɗaya, ta ce ya yi ɗayan. Yatsan Kawu yana sauka a fuskata na ji kamar an goga min samfefa, na runtse ido. Yarinyar ta lura. Ta kama hannun nasa ta juya shi, ta duba tsagogin.

"Baba, wannan hannun sai an lallashe shi kafin ya hau fuskar Mama."

Ta haɗa masa da man hannu da ɗan soso mai laushi, ta ce ya yi amfani da soson kafin hannun ya warke.

Washegari da hantsi na je. Kawu ya ce wa Malama sai an gwada a hasken rana, a ɗaki ba za a gane ba. Ta ce a ɗaga labule. Ya ɗaga, ya duba, ya ce hasken bai isa ba, bishiyar maƙwabta ta tare. Ban sani ba ko gaskiya ne ko dabara ce. Malama ta miƙa hannu a ba ta sandarta. Muka fito da ita baranda, wurin da ba ta taka ba tun dawowarta daga asibiti. Ta zauna tana ƙifta ido. Kawu ya ja layuka uku a muƙamuƙinta, ya goya hannu a baya, muka jira. Na farko ya fito fili da haske. Na ƙarshe ya yi duhu. Na tsakiyan sai da na matso kusa na neme shi.

Muna cikin haka maƙwabciyarsu ta fito shanya, ta hango mu ta saman katanga. Na ga hannun Malama ya tashi zai rufe baki. Matar ta ce, "Malama, ashe ana samun sauƙi. Sannu." Sai Malama ta sauke hannun, ta ce, "Da sauƙi. Ya yaran?"

Daga nan Kawu ya shiga koyo gadan-gadan. Bai so ya riƙa ɓata fuskar Malama, don haka ragowar robobin nan biyu ya tafi da su gareji, yana gwadawa a kuncinsa a gaban madubin wata tsohuwar mota. Wata rana ya manta bai goge ba, ya fito wajen mai shayi. Mai walda, abokin tsokanarsa tun suna samari, ya dube shi ya sake dubawa.

"Oga, yau kuma kai aka kawo fenti? Gefen hagu ya fi na dama sheƙi."

Aka kwashe da dariya. Kawu ya shafa kuncinsa, ya duba yatsan, ya kurɓi shayinsa.

"Na Malama ne. Koyo nake yi."

Can mai walda ya gyara murya ya ce, "To ka ƙara murza wajen kunnen, ana ganin inda ya tsaya."

Abin da mahaifiyata da Malama suka yi shekaru suna fama da shi a kai, ya sa safar hannu in zai yi aiki, ya ƙi, sai ga shi ya fara sawa ba wanda ya ce masa. Yakan zauna da burushi ya wanke faratan nan tas, ya shafa mai safe da yamma. A hankali tsagogin suka rufe. Ranar da mahaifiyata ta kai musu ziyara ta ga hannun, sai da ta juya shi gaba da baya. Ta ce, "Yaya, wannan hannun aro ka yi?" Ya janye abinsa ya ce ta cika surutu. Ba a jima ba ya ajiye soson, ya koma yatsa, don ya ce yatsa ya fi jin inda fata take so.

Na sha zuwa da safe in tarar da su a baranda. Ita tana zaune ido a lumshe, shi yana tsaye ya sunkuya, yana dannawa a hankali daga gefen hanci zuwa kunne. Ba sa yawan magana. Wani lokaci ta ce ya yi yawa, ya ce bai yi ba, ta ce Mai fenti, fuskata ce, sai ya rage. Wata rana na ji ya tambaye ta ko akwai abin da za a yi wa gefen bakin da ya karkace, ko a ɗan ƙara a wajen. Ta ce a bar shi, hoda ba ta miƙe baki, kuma da shi za ta ci gaba da gaisawa da mutane. Ya ce to. Ya bi gefen da yatsansa kamar yadda ya bi ɗayan.

Da malaman makarantarsu suka sake zuwa, ba a ce musu tana barci ba. Ta karɓe su a falo, ta tambayi 'yan ajinta ɗaya bayan ɗaya, wa ya fara haɗa baƙi, wa har yanzu yake rubuta harafi a juye. Shugabar makarantar ta daɗe tana kallonta, ta ce, "Malama, kin murmure ƙwarai. Dubi fuskarki, ba ki shafa komai ba amma fes." Kawu yana shigowa da tiren shayi a lokacin. Ya ajiye tiren, bai dubi kowa ba, ya fita. Na bi shi kicin na tarar yana tsaye gaban murhu yana murmushi shi kaɗai.

"Kin ji abin da ta ce?"

"Na ji, Kawu."

"Ba ta gane ba," in ji shi, ya hau wanke cokalin da ba shi da datti.

Malama ba ta koma aji ba, amma ta koma fita. Tana zuwa asibiti ba tare da ta ja gyale ta rufe rabin fuska ba, tana zuwa shagona ta zauna ta kushe min ɗinki. Yaran unguwa da karatu ya yi wa wuya suka fara zuwa barandarta da yamma. Kawu ya bar wa abokan aikinsa rumfar, ba ya zuwa sai an kawo launin da ya gagare su.

Hannun dama bai dawo ba. Amma masu gashi sun yi ta horar da na hagu, har ta fara rubutu da shi, ta fara cin abinci ba ta zubarwa. Wata safiya Kawu ya fito baranda da kwalba, ta miƙa hannu ta ce ya ba ta. Ya ɗiga mata a kan yatsa, ya tsaya yana kallo. Ta yi, ba laifi, sai ɗan wuri a haɓa da ya gyara mata. Bayan kwana biyu ko wannan ba ta bari ya taɓa.

"An sallame ka, Mai fenti. Aikinka ya yi kyau," in ji ta.

Ya ce madalla, ai abin da ake nema ke nan. Kuma da gaske ya yi murna, har ya buga wa 'ya'yansu waya ya gaya musu. Amma kwanakin da suka biyo baya sai ya rasa inda zai sa kansa da safe. Ya share barandar da aka riga aka share. Ya ɗauki tsintsiya ya ajiye. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a aljihu, yana kallonta tana shafa abarta. Malama tana ganinsa ta gefen ido.

Ina wurin ranar da ta gama, ta rufe kwalbar da babban yatsa, ta jawo wani ɗan akwati daga gefen kujera. Ta buɗe, ta ciro 'yan kunne ƙanana na zinariya, masu maƙalli a baya, waɗanda ba ta sa ba tun kafin ciwon.

"Wannan ba ya yiwuwa da hannu ɗaya," in ji ta. "Ko kana da aiki?"

Kawu ya ce ba shi da wani aiki. Ya je ya wanke hannu, ya dawo ya sunkuya. Maƙallin ƙarami ne, ya kuɓuce masa ya faɗi, na taya shi nema a ƙarƙashin kujera. Hujin kunnen ya ɗan toshe, ya yi ta lallaɓawa yana tambayarta ko da zafi, tana cewa babu. Ya daɗe a kan kunnen dama, ya zagaya ya daɗe a kan na hagu. Na ce, "Kawu, in karɓa maka?"

Malama ce ta amsa, idonta a lumshe. "Bar shi, Tela. Ba sauri muke yi ba."